Rumbunan bayanan bincike a intanet: darasi daga Kogin Kwara a Malanville



Duk shekara, da watan Agusta ya raba, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin mutanen Malanville, daga rumfunan kasuwa har ƙofar masallaci: ina ruwa zai tsaya bana? Mai shinkafa a fadama yana tambaya, masunci yana tambaya, haka mai jirgin fito da ke kai mutane Gaya. Amsar da aka saba bayarwa ita ce sai abin da Allah ya yi, kuma gaskiya ce. Sai dai ruwan da zai kwana a gonar wani a Garu ko Madekali ko Karimama ba daga sama yake faɗowa a dare ɗaya ba. Mafi yawansa ya riga ya wuce ta gaban wasu mutane kwanaki kafin ya iso mu, an auna shi, an rubuta awon. Abin da ya kamata mu sani shi ne inda ake ajiye wannan rubutun, da wanda yake da ikon ganinsa.

Wannan ne ya sa muka ga dacewar yin bayani a kan abin da ake kira rumbun bayanan bincike. Wato ma'ajiya ce a intanet, inda masu bincike da hukumomi suke zuba ainihin abin da suka auna ko suka ƙirga, domin wani ya nemo, ya sauke a kwamfutarsa, ya yi aiki da shi. A lura da bambanci. Maƙalar da masani ya rubuta hukunci ce da ya yanke. Abin da ke cikin rumbu kuwa shi ne hujjar da ya dogara da ita: tsayin ruwa a kowace safiya, ruwan saman da ya zuba a kowace rana, hoton ƙasa da tauraron ɗan'adam ya ɗauka. Wanda aka ba hukunci kaɗai sai dai ya yarda ko ya ƙi. Wanda aka ba hujja yana iya sake lissafi da kansa, har ya gano kuskure, ko ya tambayi hujjar wata tambayar da mai ita bai taɓa tunani ba.

Bari mu fara da kogin, domin sai an san halinsa ake gane amfanin rumbun. Kwara, wanda 'yan'uwanmu Dendawa da Zabarmawa suke kira Isa, yana tasowa ne daga duwatsun ƙasar Gini, ya yi tafiyar kilomita kusan 4,200 kafin ya faɗa teku a kudancin Nijeriya. A wannan yanki namu cika biyu yake yi a shekara. Akwai cikar damina ta Agusta da Satumba, wadda ruwanta ja ne saboda laka. Ita tana zuwa ne daga ƙoramun da ke gangarowa daga Burkina Faso su shiga kogin a arewa da Yamai, irin su Sirba da Dargol da Goruwal, sannan namu na Benin su ƙara: Mekru, Alibori, da Sota da ke haɗuwa da Kwara a nan gefenmu. Sai kuma cika ta biyu, ta lokacin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Wannan ruwan daminar Gini ne. Yakan shiga babbar fadamar ƙasar Mali da ke tsakanin Mopti da Tambutu, ya bazu, ya yi watanni yana tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso mu. Mai albasar rani da ya yi shuka dab da gaɓa ya san wannan cika sarai.

To kun ga mutumin Malanville ba shi da yadda zai san abin da ke tafe ta hanyar duban sararin garinsa. Labarinsa yana hannun mai awo a Kulikoro da Mopti da Ansongo da Yamai. Shi ma kuma awon da aka yi a nan shi ne labarin mutanen Yawuri da masu kula da madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968. Saboda haka ne ƙasashe suka kafa hukumar kogin a 1964, aka sake mata fasali a 1980 ta zama Hukumar Kwarin Kogin Neja, wadda ake kira ABN a Faransanci. Mazauninta Yamai, ƙasashenta tara: Benin, Burkina Faso, Kamaru, Chadi, Kodibuwa, Gini, Mali, Nijar da Nijeriya. Cikin manyan ayyukanta akwai tattara awon tashoshi daga ƙasashen nan wuri ɗaya da fitar da sanarwa a kan halin kogin. A Yamai ɗin dai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya cinye dabbobin Sahel, tana tattara bayanan ruwan sama da noma da koguna.

Awon kansa ba wani abin mamaki ba ne. Sanduna ne masu lambobi da ake kafawa a gaɓa, wani ma'aikaci ya je da safe ya duba inda ruwa ya tsaya ya rubuta a littafi. Yanzu a wasu tashoshi an sa na'ura mai aikawa da kanta ta tauraron ɗan'adam ko layin waya. Daga tsayin ake lissafa yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. A Yamai ana wannan rubutu tun 1929, a Malanville kuma tun shekarun 1950. Lamba ɗaya ba ta da wata faida. Amma idan ta taru shekara tamanin, casa'in, sai ta fara magana. Daga wannan taruwar ne aka iya cewa idan ruwa ya kai santimita 620 a ma'aunin Yamai an shiga matakin ja, wato haɗari. A watan Satumba na 2020 ya kai santimita 700, abin da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka fara awo, ya karya shingayen da ke kare unguwanni da gonakin shinkafa. A littafin nan dai aka rubuta kishiyar haka, domin a watan Yuni na 1985 kogin ya daina gudu a Yamai gaba ɗaya. Dattawa suna tuna shekarar, amma tunawa daban, rubutaccen awo daban.

Lokacin da muke karatu a Masar an kai mu tsibirin Rauda da ke tsakiyar Nilu a Alƙahira, muka ga Miƙyasun Nil. Rijiya ce mai ginshiƙi a tsakiya, an yi masa zane-zanen awo da kamu, an gina ta a shekarar 861 Miladiyya, zamanin Halifa Al-Mutawakkil. A da, da ita ake sanin ko shekara za ta yi albarka, kuma da ita ake daidaita harajin gona. Marubutan tarihin Masar sun riƙa shigar da awon kowace shekara cikin littattafansu. Bayan ƙarnoni, wani masanin ruwa ɗan Ingila, Harold Hurst, ya yi aiki da waɗannan lambobi wajen lissafin girman da ya kamata madatsar ruwa ta yi, ya wallafa bincikensa a 1951. Ɗaya daga abin da ya gano shi ne shekarun fari sukan zo a jere, na cika ma haka, ba a warwatse ba. Mai gadin rijiyar nan na shekaru dubu da suka wuce bai san Hurst ba, bai san za a yi wata madatsa ba. Ya dai rubuta abin da ya gani.

Ba sai mun je Masar ba ma. Kowa a nan ya san rikicin tsibirin Lete tsakanin Benin da Nijar, wanda ya taso tun farkon samun 'yanci. Da aka kai maganar Kotun Duniya da ke birnin Hague, ta yanke hukunci ranar 12 ga Yuli, 2005, cewa iyaka tana bin layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jirage ta kogin, kamar yadda take a lokacin samun 'yanci a 1960. To yaya za a san inda ya fi zurfi shekara 45 baya? Sai aka koma ga tsofaffin awo, tun daga na tawagar Bafaranshen nan Hourst da ta gangaro kogin a 1896, har zuwa na wani kamfanin Holand mai suna NEDECO da ya auna zurfin kogin ya fitar da rahoto a 1970, wanda kotun ta fi dogara da shi. A kan haka aka raba tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Awon da aka yi don jiragen kaya shi ya raba gardamar ƙasa biyu ba tare da harbi ba. Da an bar takardun gara ta cinye, da wata maganar ake.

Abin da intanet ya canja shi ne wahalar isa ga irin waɗannan takardu. A zamanin mulkin Faransa da bayansa, cibiyar binciken da ake kira ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, ita ce ta yi yawancin awon kogunan yankin nan, kuma mai son gani sai ya bi ofisoshi, wani lokaci har Faransa. Yau akwai rumbuna da mutum zai shiga daga ɗakinsa. A birnin Koblenz na Jamus akwai cibiyar GRDC, wadda aka kafa a 1988 ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya, tana riƙe da awon tashoshin koguna sama da 10,000 daga sassan duniya, har da na Kwara. Mai bincike yana zaɓen tasha a taswira ya nemi bayananta kyauta, da sharaɗin ba don kasuwanci ba. Akwai shirin AMMA-CATCH, na haɗin gwiwar masana daga Faransa, Benin, Nijar da Mali, wanda ya kafa ma'aunan ruwan sama a kewayen Yamai tun 1990, da kuma a yankin Jugu na ƙasarmu, yana kuma da rumbu a buɗe. Jami'ar California ta Santa Barbara tana fitar da CHIRPS, ƙiyasin ruwan sama da ke haɗa hoton tauraro da awon ƙasa, daga 1981 zuwa yau. Amurka ta buɗe hotunan taurarinta na Landsat kyauta a 2008. Turai kuma tana ba da na Sentinel, kuma Sentinel-1 da aka harba a 2014 yana gani ta cikin girgije, abin da ya sa yake iya nuna iyakar ambaliya ana tsakiyar damina.

Me wannan tarin ya haifar? Misali ɗaya ya isa. Hankali zai ce idan ruwan sama ya ragu, ruwan ƙorama ma zai ragu. Da masana suka jera awon ruwan sama kusa da awon ƙoramun Sahel, sai suka ga akasin haka: a shekarun fari na 1970 da 1980 ruwan sama ya ja baya, amma rabon da ke gangarowa ƙoramu ya ƙaru. Dalilin da suka fi rinjayarwa shi ne ƙasa ta tsiraita. An sare itatuwa, an faɗaɗa gonaki, fuskar ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, ruwa ba ya nutsewa sai ya gudu, yana kwasar yashi yana zubawa a kogi. Daga baya kuma, wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017, wanda aka gina kan hotunan tauraro na shekaru 35, ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa mai yawa a lokaci ɗaya sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Haɗa biyun, ƙasa mai tauri da ruwa mai ƙarfi, za ka gane dalilin da ya sa jar cika, wadda a da ƙanwa ce ga cikar sanyi, ta koma ita ce mai ɓarna a 2010 da 2012 da 2020. Mutanen Malanville da Karimama ba su manta 2010 ba. Ba mutum ɗaya ne ya gano wannan ba, kuma ba da awon ƙasa ɗaya ba.

A nan akwai abin da ɗaliban ilimi za su fi kowa saurin fahimta. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaya riƙonsa yake. Rumbun kirki haka yake yi wa lamba. Ba ya wadatuwa da a ce ruwa ya kai kaza. Sai an rubuta tashar da aka auna, da matsayinta a taswira, da rana da sa'a, da irin ma'aunin, da hukumar da ta yi, da ko an gyara lambar daga baya. Wannan ba ƙaƙale ba ne. Idan ruwa ya tafi da sandar awo aka kafa sabuwa sama da inda tsohuwar take da taƙi ɗaya, ba a kuma rubuta ba, duk lambar da ta biyo baya ta samu illa. Idan yashi ya cike gindin kogi, tsayin da a da yake nufin ruwa mai yawa yanzu yana iya nufin ruwa kaɗan a kan tudun yashi, don haka dole a riƙa sabunta lissafin. Idan ma'aikaci ya yi jinyar mako biyu ya dawo ya cike gurbin da ka, ya shigar da ƙarya cikin gaskiya, kuma gara ya bar wurin fayau. A 2016 wasu masana suka tsara ƙa'idoji da ake kira FAIR, waɗanda suka ce bayanin bincike ya zama ana iya nemo shi, ana iya isa gare shi, yana iya haɗuwa da na wasu, kuma an bayyana sharaɗin sake amfani da shi. Ana kuma ba kowane kundi lambar shaida ta dindindin da ake kira DOI, domin duk wanda ya yi aiki da shi ya jingina shi ga mai shi. Shawararmu ga matasan da ke tura saƙonnin ambaliya a WhatsApp ita ce su riƙa tambayar isnadi: wace hukuma, wace tasha, wace rana. Mun ga an tayar da hankalin unguwa da sanarwar da ta shekara biyu.

Ba za mu ɓoye cewa akwai masu ɗari-ɗari da wannan buɗewa ba, kuma suna da hujja. A watan Nuwamba na 2021 masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka gano nau'in korona na Omicron, suka sa bayanansa a rumbun GISAID nan take domin duniya ta shirya. Sakamakon da suka samu shi ne ƙasashe suka rufe musu ƙofa, har Birtaniya ta sa Nijeriya cikin jerin waɗanda ta hana shiga. Kafin nan, a 2007, Indonesiya ta daina ba da samfurin murar tsuntsaye, tana cewa ana karɓa kyauta a yi riga-kafin da talakanta ba zai iya saya ba. A fagen ruwa ma akwai irin wannan ƙorafi: ɗan ƙasa ya sha rana ya yi awo, wani a Turai ya rubuta maƙala ya ci suna. Hukumomin awo na ƙasashenmu kuma kasafinsu ƙarami ne, wasu da kuɗin sayar da bayanai suke gyara kayan aiki. Hukumar Yanayi ta Duniya ta yi kira da a riƙa musayar bayanan ruwa tun 1999, ta sabunta manufarta a 2021, amma kira ba ya sayen batir.

Ra'ayinmu dai, ƙorafin gaskiya ne, amma kulle aljihun tebur ba shi ne maganinsa ba. Maganinsa a jingina aiki ga mai shi, a sa sunan masanan gida cikin bincike, kuma gwamnati ta ɗauki nauyin tashoshin kamar yadda take ɗaukar nauyin hanya da gada. A raba kuma tsakanin iri biyu. Bayanin da ya shafi sirrin mutum, kamar cutarsa ko sunansa, amana ce da ba a bazawa. Tsayin kogi kuwa ba sirrin kowa ba ne. Wani ɗalibinmu da ke rubuta kundin kammala karatu ya yi wata uku yana zarya a wani ofis yana neman awon ruwan garinsu, yau a ce shugaba ba ya nan, gobe a ce ya kawo takarda mai hatimi. A ƙarshe wani ɓangare na abin da yake nema a wani rumbu na ƙasar waje ya same shi, cikin yini ɗaya, sai dai awon shekarun baya-bayan nan babu a ciki. Wannan giɓin shi ne babban aibin rumbunan duniya game da kogunan Afirka: sun cika da awon da, sun rame a na yanzu, domin ba a aika musu, ko kuma tashar ta mutu.

Siyasa ma tana da nata. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya, kowa ya ga yadda kasuwa ta koma da yadda mutane suka koma fito a jirgi. Ana iya sa kwantena a tare gada, amma ba a tare kogi. Ruwan da ya wuce Yamai zai iso Malanville ko ana shiri ko ba a shiri. Shi ya sa muke roƙon hukumomin ɓangarorin biyu, kowane irin saɓani ke akwai, kada a bari ya taɓa musayar awon ruwa.

Saura mataki na ƙarshe, wanda shi ya fi rauni. Duk rumbunan da muka ambata da Faransanci ko Turanci suke, kuma da lambobi da zane-zane. Manomin Madekali ba zai buɗe su ba. Abin da yake buƙata a ce masa, da Dendi ko Hausa ko Fulatanci, ruwa na ƙaruwa, cikin 'yan kwanaki zai iya kai wuri kaza, a kwashe buhuna daga rumbun gaɓa. Tsakanin rumbun intanet da wannan jumla akwai aikin da 'ya'yanmu da suka yi karatu a Paraku da Abome-Kalabi da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai za su iya yi: su bi sanarwar hukuma, su fassara ta ba ƙari ba ragi, su miƙa wa gidan rediyo da masu unguwa da limamai. Sanarwar minti ɗaya bayan sallar Magariba tana isa inda takardar ofis ba ta zuwa.

Kuma ba karɓa kaɗai ya kamata mu riƙa yi ba. Kowace makaranta, ta boko ko Islamiyya, tana iya kafa ma'aunin ruwan sama a fili, nesa da bango da bishiya, a sa ɗalibi ya riƙa dubawa a sa'a ɗaya kowace safiya yana rubutawa, har ranar da ba a yi ruwa ba ya rubuta sifiri. Kowace unguwar gaɓa tana iya yin alama da fenti a bango mai ƙarfi inda ruwa ya tsaya, a rubuta shekara da rana a gefe, a ɗauki hoto. Mai kundin digiri kuma, maimakon lambobinsa su mutu tare da kwamfutarsa, yana iya ajiye su a Zenodo, rumbun da cibiyar CERN ta Jeniba ta buɗe a 2013, wanda ke karɓa kyauta ya kuma ba da lambar DOI. Sai dai ya rubuta wurin da ya auna, da ranar, da abin da ya auna da shi, ya kuma cire sunayen mutanen da ya yi wa tambayoyi kafin ya ɗora.